Kunkuru a Gida: Abincinsa, Makwancinsa da Lafiyarsa

Ya mai karatu, wataƙila an kawo maka kunkuru tsaraba, ko yaronka ya tsinto shi a gona lokacin noman farko, ko kuwa ka gan shi a kasuwa ka saya. Ga shi yanzu a tsakar gida, ya janye kai da ƙafafu ya shige cikin ƙwaryarsa, yara sun kewaye shi. Wani ya ce a ba shi tuwo, wani ya ce ƙuli-ƙuli, wata tsohuwa kuma ta ce ai kunkuru iska yake sha ya rayu. Saboda irin wannan rana aka rubuta wannan darasi.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, kunkuru ba ya kuka. Akuya in ta ji yunwa sai ta hana gida barci. Kaza in ba ta da lafiya za ka ga ta saki fukafukai. Shi kuwa kunkuru yakan yi watanni yana ciwo, mai shi yana yabon haƙurinsa, ranar da ciwon zai fito fili kuma sau da yawa lokaci ya ƙure. Yawancin kunkurun da ke mutuwa a gidajenmu, masu sonsu ne suke kashe su da kuskuren abinci da na makwanci, ba tare da sun sani ba.

Wane iri ne a hannunka?

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Duba shi da kyau kafin ka ba shi kome. In ƙwaryar a shimfiɗe take, akwai fata tsakanin yatsun ƙafa, kuma yana lanƙwasa wuya gefe guda in zai ɓoye kai, to, kififiya ce. Ita ƴar ruwa ce, ana samunta a tabkuna da cikin Gulbin Maraɗi da damana, abincinta ƙananan kifi da talibambam da ƙwari. Mayar da ita ruwan da aka ɗauko ta. Akwai kuma wani ƙaramin kunkuru da bayan ƙwaryarsa ke da gaɓa, yana rufe ƙafafun baya kamar murfi. Wannan ya fi yawa can kudu inda ake da laima, kuma yana haɗa ganye da ƙwari da dodon koɗi.

Wanda muke magana a kai shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Launinsa launin yashi ne, ƙafafunsa na gaba suna da kakkauran ɓawo, a bayan cinyoyinsa kuma akwai tsini biyu ko uku kamar ƙananan ƙahoni. Mazauninsa ya tashi daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali da Nijar da Cadi, har Sudan da Habasha. Ranar da ya fito daga ƙwai tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, nauyinsa kuma bai kai na ƙwan kaza ba. Kada wannan ƙanƙanta ta ruɗe ka. A duk duniya iri biyu ne kawai na kunkurun tudu suka fi shi girma, su kuma a tsibiran teku suke. Babban namiji yakan wuce kilo 50, an ma samu wanda ya haura 90, wato ya kusa buhun hatsi. Yana iya rayuwa shekara 70 ko fiye. Ke nan wanda ka ajiye yau yana iya shiga cikin gadon da za ka bar wa ƴaƴanka.

Matsayinsa a wurin hukuma

Dattawan ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji za su shaida maka cewa da can ganin kunkuru a daji ba abin labari ba ne. Yau gonaki sun haɗe da juna, makiyaya ta ragu, wadda ta saura kuma garmani ya mamaye yawancinta. Ga gobarar daji, ga masu kama shi don sayarwa. Macen kunkuru kuwa sai ta shekara goma ko fiye kafin ta fara ƙwai, saboda haka in aka ɗauke babba guda daga daji, an daɗe ba a mayar da gurbinsa ba. A shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji domin kasuwanci. A 2021 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa.

A nan Nijar akwai dokar 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke aiki da ita. Je ka ofishinsu na gundumarku ka sanar da su abin da ke hannunka, ka ji abin da doka ta ce game da ajiye shi. In yau ko jiya aka tsinto shi kuma lafiyarsa lau, abin da ya fi shi ne a mayar da shi daidai inda aka same shi. Ni a ganina bai kamata ka saya daga hannun mai kamawa ba, ko da tausayi ne ya ja ka, domin kuɗin da ka biya su ne za su sake tura shi daji gobe.

Kada a huda ƙwarya

Shekarun baya, ina zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci a wani ƙauye na ƙasar Gazawa, na sauka gidan wani dattijo mai kunkuru. An huda gefen ƙwaryar an zura waya, an ɗaure shi a gindin turmi. Bayansa ya yi tudu-tudu kamar an kifa ƙananan ƙoƙuna, yana jan ƙafafun baya da kyar. Dattijon yana sonsa ƙwarai. Ya ce mini: “Malam, abin da na ci shi nake ba shi, ko fura ba na sha ban rage masa ba.” Ban ga mugunta ko kaɗan a gidan nan ba, amma dabbar tana cikin azaba.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaryar kunkuru kamar riga ce ko akwati da yake shiga ya fita. Ba haka ba ne. Ƙashi ce mai rai. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da ita, akwai jini da jijiyoyi a cikinta, yana jin taɓi, yana jin zafi. Huda ta kamar huda ƙashin mutum ne, kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Haka nan kada a shafa mata fenti ko mai don ta yi sheƙi, kada a rubuta suna a kanta da wuƙa, kada yara su hau ta. Ɗaure shi a ƙafa da igiya ma yana yanka fata, har ƙafar ta kumbura ta ruɓe.

Makwanci

Maimakon igiya, yi masa shinge. Zaɓi kusurwar gida mai ƙasa ko yashi, inda rana ke faɗa da safe kuma akwai inuwa da tsakar rana. Daɓen siminti ba ya yi masa. Katangar ta zama wadda ba ya hangen waje ta cikinta, domin in yana gani zai wuni yana tura ta. A binne tushenta kamar kamu ɗaya cikin ƙasa, saboda gwanin haƙa ne. Kada ka yi shingen jikin katangar laka ta ɗakin kwana ko gindin rumbu. Babban kunkuru yana iya rarake ƙarƙashinsu, damana ta zo ta kayar.

A daji rami ne ke raya shi. Yakan haƙa mai tsawon mita da yawa, ya shige lokacin zafin rana da lokacin sanyin dare, domin can ciki akwai sanyi da ɗan laima. Jikinsa ba ya daidaita zafi da kansa kamar namu, wurin da yake ne ke ɗumama shi ko ya sanyaya shi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, kunkurun da ba shi da mafaka yana iya mutuwa cikin yini guda. In ka ga yana fitar da kumfa yana shafa wa ƙafafun gaba, zafi ya kai masa ko'ina: kai shi inuwa nan take, ka yayyafa masa ruwa. Bar shi ya haƙa raminsa, ko ka gina masa ɗan akurki mai rufin kara da ƙasa. Da damana a tare bakin ramin kada ruwa ya kwarara ciki. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, a shigar da ƙarami ɗaki da dare cikin kwando mai busasshiyar ciyawa, a fito da shi in hantsi ya yi.

Ƙaramin kunkuru yana da abokan gaba da yawa: kare, ɓera, shaho, hankaka, kwarkwasa. A rufe saman shingensa da ragar waya. Ka tuna kuma ba ya iyo, saboda haka a nisanta shi da bakin rijiya da kududdufi da ramin shadda. In ya kife rigingine cikin rana bai samu mai juya shi ba, ajalinsa ke nan. Maza biyu a shinge ɗaya faɗa za su yi, ɗaya ya kifar da ɗaya. Ana gane namiji in ya girma: wutsiyarsa ta fi tsawo, ƙasan cikinsa kuma ya lotsa.

A kwanakin farko zai ɓuya, ya ƙi cin abinci kwana uku, wani ma har mako. Baƙunta ce. Hana yara ɗaukarsa, a ajiye masa ciyawa da ruwa a ba shi wuri.

Abinci

Nan ne aka fi yin kuskure. Ka ɗauki kunkuru kamar ɗan jaki: dabbar kiwo ce mai cin ciyawa. Hanjinsa an yi shi ne domin abinci mai kaushi da yake daɗewa kafin ya narke. In ka kasa abincinsa kashi goma, takwas su zama ciyawa. Ba sai ka je nesa ba, ga kiri-kiri, ga guɗe-guɗe, ga harkiya, ga komayya, ga kyasuwa, ga ɗanyar ƙarangiya tun ba ta yi ƙaya ba. Kashi biyun da suka saura a cika su da ganye: yaɗiya, lalo, rama, ganyen kuka, ganyen dankali, ganyen kabewa, ɗan zogale. A riƙa sauyawa, kada a liƙe wa iri ɗaya. Alayyafo da yakuwa a ba shi kaɗan-kaɗan, domin yawansu yana hana jiki amfana da sinadarin da ke gina ƙashi. Harawa ma abinci ce mai ƙarfi, a ɗan barbaɗa masa ita jefi-jefi, kada ta zama abin kullum.

Abin da ba a ba shi kuwa shi ne abincinmu: tuwo, fura, shinkafa, burodi, dafaffen wake, ƙuli-ƙuli, nama, madara, da duk abin da aka sa wa gishiri ko mai ko yaji. Zai ci, har ya riƙa bin uwargida zuwa madafa, sai a ce ai yana so. Yaro ma yana son alewa. Irin wannan abinci yana sa shi girma da gaggawa ƙashi bai yi ƙwari ba, ƙwarya ta karkace, ƙoda ta gaji, tsakuwa ta taru a mafitsara. Mangwaro da kankana da gwanda su ma suna ɓata masa ciki in sun yi yawa. Ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a wata ya isa.

Akwai tsirrai masu guba da ke cikin gidajenmu da shingayenmu: tumfafiya, zaƙami, zurma, aguwa, bini-da-zugu, da ƙarya mai jan fure. Kada ko ɗaya ya kasance inda bakinsa zai kai. Kada kuma a yanko masa ciyawa daga gonar wake ko garkar da aka yi wa feshi kwanan nan. A share leda da roba da ƙusa daga wurinsa, domin yakan haɗiye abu mai launi, ya toshe masa hanji. Maganin ɓera kuwa ko kusa.

Domin ƙwarin ƙashi da ƙwarya, tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi laushi kamar gari, ka barbaɗa ɗan kaɗan a kan ganyen sau biyu a mako. Wannan gari ba zai yi aiki ba sai da hasken rana. Kunkurun da aka kulle cikin ɗaki, ko an cika shi da abinci, ƙwaryarsa laushi za ta yi.

Ka yi tanadin rani tun da kaka. Kowa ya san yadda ciyawa ke tsada da bazara a kasuwanninmu, har mai tumaki ya rasa ta saye. Yanki ciyawa tun tana da sauran kore, ka shanya a inuwa, ka ɗora a rumfa inda gara da ruwa ba za su taɓa ta ba. In za ka ba ƙarami, yayyanka ta ka jiƙa ta yi taushi. Wadda ta yi fumfuna a zubar. A ba shi abinci da safe bayan ya sha hantsi, bisa faifai ko falalen dutse don kada ya haɗa da yashi. Da tsananin zafi ko sanyi zai rage ci ya daɗe cikin rami. Wannan ɗabi'arsa ce, muddin nauyinsa bai zube ba.

Ruwa

Maganar cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce. A daji yana samun ruwa cikin ɗanyar ciyawa, yana sha ya ƙoshi in an yi sama, laimar rami kuma tana hana shi bushewa. A tsakar gida babu waɗannan sai ka kawo. Binne kasko mai faɗi marar zurfi daidai da ƙasa, a sauya ruwan kullum. Ƙarami kuma a riƙa zaunar da shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, minti 15 zuwa 20, a ƙalla sau uku a mako, kana tsaye kana kallo. Babba sau ɗaya a mako ya wadatar. Bushewar wuri tun yana ƙarami tana cikin manyan dalilan da ke sa ƙwarya ta yi tudu-tudu, kuma in ta yi ba ta komawa daidai. Rage ɗaukarsa sama, domin in ya tsorata yakan saki fitsari, ruwan da ya adana ke nan ya zubar.

In ka ga wani farin abu kamar nono mai kauri tare da fitsarinsa, kada ka firgita, haka suke yi. Amma in farin ya zama tsaki-tsaki kamar yashi, ruwa ya yi masa kaɗan.

Alamun ciwo

Tun da ba ya faɗa, sai ka zama mai lura, a nan kuma karatun da kake koyo zai yi maka rana. Samu ɗan littafi. Farkon kowane wata ka auna shi a sikeli, ka rubuta kwanan wata da nauyin. Ƙaramin da ya yi wata biyu bai ƙaru ba, ko babban da nauyinsa ke raguwa wata bayan wata, akwai abin da ke damunsa ko da idonka bai gani ba.

Lafiyayye idonsa a buɗe yake yana ƙyalli, hancinsa a bushe, yana ɗaga jikinsa daga ƙasa in yana tafiya, kashinsa da ƙarfi da ɓurɓushin ciyawa a ciki. In ka ga majina ko kumfa a hanci, ko yana buɗe baki yana miƙa wuya don numfashi, ciwon huhu ne ke neman kama shi, sau da yawa sanadin sanyi. A ɗumama masa wuri a nemi likitan dabbobi ba da jinkiri ba. Haka nan in ido ya kumbura ko ya faɗa ciki, in yana zawo, in ka ga tsutsa a kashinsa, in yana yunƙuri ba abin da ke fita, in yana jan ƙafafun baya, ko ƙwaryar wanda ya wuce shekara ɗaya tana lotsawa in an danna.

Duba hammatarsa da gindin wutsiya da wuya, nan kaska ke maƙalewa. Kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a hankali har ta fito da kanta, ka jefa ta wuta. Kada ka yar a garke, domin wasu kaskar kunkuru suna ɗauke da cutar da ke kashe shanu da tumaki da awaki. Saboda wannan ne Amurka ta hana shigar da irin wannan kunkuru ƙasarta a shekarar 2000. Rauni ko tsagewar ƙwarya a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce mai ɗan gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta don kada ƙuda ya yi tsutsa, a kai wa likita. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko maganin feshin gona.

Ga gargaɗin da nake so ka haddace. Allurar ibamektin, wadda masu kiwo suka fi sani da sunan Ivomec, tana maganin tsutsa da kaska ga tumaki da shanu, amma guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki ta kashe shi, ko da kaɗan aka yi masa. Ba kowane mai sayar da maganin dabbobi ne ya san haka ba, saboda haka kai ne za ka faɗa da bakinka. Akwai wasu magungunan tsutsa da suka dace da shi, likita ne zai zaɓa ya auna gwargwadon nauyin da ka rubuta.

Lafiyar iyalinka

Kunkuru, ko lafiyayye ne, yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna salmonela a hanjinsa, tana fita cikin kashi ta manne a jikinsa. Shi ba ta dame shi ba, amma tana sa mutum zawo da amai da zazzaɓi, ta fi tsanani ga ƴan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da masu juna biyu. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai santimita 10 ba, saboda yara suna sa su a baki. Duk wanda ya taɓa shi ko kaskonsa ya wanke hannu da sabulu. Uwargida, kada ki bari ya kusanci randa da madafa da inda ake shanyar hatsi, kada kuma a wanke kaskonsa tare da kwanonin abinci. A kwashe kashinsa kullum a kai juji.

In wata rana ya fi ƙarfinka, ko gida ya yi masa kaɗan, kada ka kai shi daji ka sake da kanka. Wanda ya daɗe cikin mutane yana iya kai wa na daji cuta, kuma ba lalle ya iya neman mafaka kafin rana ta kashe shi ba. Koma wurin ma'aikatan gandun daji, ka tafi da littafin nan naka, ka gaya musu inda aka samo shi, da shekarun da ya yi a hannunka, da abin da ya saba ci.